Yadda muka zaɓi na'urar sanyaya gida da ɗumama shi wadda ba ta hana barci

Kafin mu duba ko da na'ura ɗaya, sai da muka auna shirun gidan. Wajen ƙarfe sha ɗaya na dare, an kashe talabijin da fanka, an rufe ƙofofi, aka ɗora ma'aunin ƙara a kan matashi, daidai inda kunnen mai barci zai kasance. Aka sake aunawa da taga a buɗe. Duk lissafin da ya biyo baya a kan wannan adadi ya hau, domin kunne yana jin na'ura ne gwargwadon yadda ƙararta ta ɗara wadda ke wurin tun asali. Na'urar da ba za a san tana aiki ba a gidan bakin titi, ita ce za ta hana mutum runtsawa a unguwar da dare ke yin tsit. Manhajar auna ƙara ta waya ta isa a kwatanta wannan ɗaki da wancan, amma idan ƙara ta yi ƙasa da desibel 30 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), makirufon waya yakan fara ƙirga hayaniyar kansa, don haka ba a dogara da adadinsa a can.

Iyakar da muka riƙe ita ce ta Hukumar Lafiya ta Duniya. A jagorar da ta fitar a 1999 kan hayaniyar muhalli, ta sa desibel 30 ga ƙara mai ɗorewa a ɗakin kwana, da desibel 45 ga ƙarar da ke zuwa farat ɗaya ta wuce. Na biyun nan ne ake yawan mantawa da shi, alhali shi ke tashin mai barci. Ana saba wa da shuuu ɗin iska idan bai canza ba. Abin da ba a saba wa da shi shi ne kwamfireso, wato injin da ke matsa gas ɗin AC, ya tashi da ƙarfi, ya yi minti biyar, ya mutu, ya sake tashi, haka har asuba.

Sai lissafin desibel, wanda ba ya tafiya kamar lissafin mita ko kilo. Ƙarin desibel 3 na nufin ƙarfin sautin ya ninka, kodayake kunne kaɗan yake jin bambancin. Ƙarin desibel 10 kuwa kunne yana jin sa kamar an ninka ƙarar sau biyu. Wato na'ura mai 50 ta ninka mai 40 a kunne, ta kuma ninka mai 30 sau huɗu. Na'urori biyu iri ɗaya a gefe da gefe, kowace 50, suna ba da 53 ne, ba 100 ba. A fili kuma, duk lokacin da nisa ya ninka, ƙara takan ragu da desibel 6. Waɗannan huɗu sun wadatar wajen karanta kowace takardar bayani.

Lamba biyu a takarda ɗaya

A nan gizo ke saƙa. Masu ƙera na'ura suna rubuta ƙara ta hanya biyu, kuma mai sayarwa yakan nuna maka wadda ta fi ƙanƙanta. Ta farko, da ake rubutawa LWA, ita ce jimillar sautin da na'urar ke fitarwa daga jikinta, ba ruwanta da nisa ko ɗaki. Ita ce ke kan tambarin makamashi na Tarayyar Turai. Ta biyu, LpA, ita ce abin da makirufo ya ji a wani nisa, galibi mita 1, a ɗakin gwaji da ba ya mayar da amsa-kuwwa. Na'ura ɗaya tak tana iya zama 60 a ma'auni na farko, ta zama 48 ko 50 a na biyu. Idan aka kwatanta LWA na wannan kamfani da LpA na wancan, an yi aikin banza. Mun yi jadawali, kowace na'ura da layinta, muka ware lambobin biyu a gida daban-daban, wadda takardarta ba ta faɗi ma'aunin da aka yi amfani da shi ba muka cire ta daga jerin.

Haka kuma lambar nan ta desibel 19 ko 20 da ake bugawa ɓaro-ɓaro a kwali. Gaskiya ce, amma ta matakin fanka mafi ƙasa ce, inda iskar da ke fita ba ta da yawa. A littafin bayani za a ga matakai huɗu ko biyar, misali 19, 24, 30, 36, 42. Tambayar da ta dace ita ce: a wane mataki na'urar za ta kwana a dare mai tsananin zafi? Idan sai ta hau mataki na huɗu kafin ta riƙe ɗakin, to na'ura ce mai 36, ko me aka rubuta a kwali. Mun fi ba da muhimmanci ga mataki na biyu da na uku, tare da yawan iskar da kowane ke turawa.

Da wannan jadawali, iri biyu suka fita tun zagayen farko. AC na taga da wanda ake turawa a kan tayoyi duk kwamfiresonsu na cikin ɗaki ko a jikin bangonsa, kuma galibinsu suna sama da desibel 50. Mai tayoyi mai bututu ɗaya yana da wani aibi na daban: yana fitar da iskar ɗakin waje, sai iska mai zafi ta shigo ta ƙarƙashin ƙofa ta maye gurbinta, na'urar ta ƙara wahala. Abin da ya rage shi ne AC mai kashi biyu, wanda kwamfiresonsa ke waje, da tsarin da ke raba iska ta bututu a cikin silin, sai tsarin ruwan zafi ga wanda ɗumamawa ta fi dama.

Girma da inbata

Idan da abu ɗaya da ya fi kowane tasiri, girman na'ura ne a kan buƙatar ɗakin. Mutane da yawa suna sayen babba da tunanin za ta yi aikin ba tare da wahala ba. Abin da ke faruwa akasin haka ne. Babbar na'ura tana sanyaya iskar ɗaki cikin mintuna kaɗan, ta mutu, bango da kayan ɗaki su sake ɗumama iskar, ta sake tashi. Ba ta daɗe tana aiki har ta tsotse laima, sai ɗaki ya yi sanyi mai danshi, mai ɗakin ya ƙara rage digiri a rimot, abin ya ƙara lalacewa. Ƙarama fiye da kima kuwa takan kwana a ƙarshen ƙarfinta, wato a mafi ƙarar matakinta.

Saboda haka muka lissafa zafin kowane ɗaki daban. Faɗin ƙasa kaɗai ba ya isa. Ana duba tsayin silin, da ko akwai abin tare zafi a ƙarƙashin rufi, da girman gilashin taga da inda ya fuskanta, da yawan mutane, da kayan lantarki. Mutum ɗaya a zaune yana fitar da zafi kusan wat 100. Tagar da ke kallon yamma ba tare da inuwa ba tana shigo da ɗaruruwan wat a kowace murabba'in mita, kuma bangon wannan gefe yana ci gaba da sakin zafinsa bayan faɗuwar rana, daidai lokacin kwanciya. Ɗakuna biyu masu girma ɗaya, mita 4 sau 4, suna iya bambanta da kusan ninki saboda wannan kaɗai. Ga ɗaki irin wannan, na'ura mai kilowat 2.6, wato 9,000 a ma'aunin ƙarfin sanyi na BTU, sau da yawa ta isa. Mai kilowat 3.5, BTU 12,000, sai ɗakin da ke ƙarƙashin rufin da rana ke duka kai tsaye. Kuma kafin a ƙara girman na'ura, a fara rage zafin da ke shigowa. Abin tare zafi a saman silin da rumfa a kan taga suna iya sauko da ɗaki daga wannan girma zuwa na ƙasa da shi.

Kwamfireso mai inbata ba ya mutuwa ya tashi kamar na da. Yana rage gudu ne idan ɗaki ya kusa kai digirin da aka sa. Wannan ne tushen shirunsa. Amma inbata ma yana da ƙasan da ba ya iya wucewa, kuma an rubuta shi a takarda, cikin baka-biyu kusa da ƙarfin na'urar, misali kilowat 2.5 (0.9 zuwa 3.2). Lambar farko ta cikin baka, 0.9, ita muka fi kallo. Da tsakar dare buƙatar ɗaki takan faɗi ƙasa da kilowat 1. Idan mafi ƙarancin na'urar 1.5 ne, dole ta riƙa mutuwa tana tashi, inbata ko ba inbata ba. Tsakanin na'urori biyu masu ƙarfi ɗaya, wadda ta fi iya sauka ƙasa ita muka ɗauka, ko da ɗayar ta fi ta da desibel ɗaya ko biyu a kwali.

Wannan dalili ne ya sa muka bar tsarin nan na injin waje ɗaya mai ciyar da ɗakuna uku ko huɗu. Yana da kyau ga ido, bango ba ya cika da injina, amma babban kwamfiresonsa ba ya iya sauka zuwa buƙatar ɗaki ɗaya da dare. A lokacin ɗumamawa kuma gas mai zafi yana ratsawa kaɗan-kaɗan ta na'urorin ɗakunan da ke kashe, a riƙa jin wani siii daga na'urar da ba a kunna ba. Ba lalacewa ba ce, haka tsarin yake, amma a ɗakin kwana ba daɗi. Muka tsaya a kan kowane ɗakin kwana da injinsa.

Inda injin waje zai zauna

Wannan mataki ya fi cin lokaci, kuma da takarda da awo aka yi shi kafin mai haɗawa ya zo. Ga injin da ke zaune a ƙasa a fili, ana cire 8 daga LWA a samu ƙarar da za a ji a mita 1. Inji mai 60 zai ba da 52 a mita 1, 46 a mita 2, 40 a mita 4, 34 a mita 8. Idan aka jingina shi da bango, a ƙara 3, domin sautin da zai tafi baya ya dawo gaba. Idan a kusurwar bango biyu ne, a ƙara 6. Lungu mai bango uku, ko ɗan tsukin da ke tsakanin gida da katanga, ya fi kowane muni, sauti yana kai da komo a ciki har ya hau tagogin sama. Taga a ɗan buɗe tana rage kusan desibel 15, saboda haka idan ana son 30 a ciki, kada abin da ke isa bakin tagar daga waje ya wuce 45. Inji mai 60 a kusurwa, mita 4 daga taga, ya ba da 46, ya wuce. Shi ɗin dai a bango madaidaici ya ba da 43. Matsar da shi taku kaɗan ya fi duk wani abin da za a saya daga baya.

An yi wannan lissafi ga tagar maƙwabci kamar yadda aka yi ga tamu. Ƙasashe da dama suna da doka a kai. A Jamus, misali, iyakar dare daga ƙarfe 10 zuwa 6 na safe ita ce desibel 35 a unguwar zama zalla, 40 a unguwar zama ta gama-gari. Ko babu doka, fankar injin kada ta fuskanci tagar kowa, domin ta gaba ne mafi yawan sautin ke fita.

Sai batun mazauni. Kwamfireso yana jijjiga, kuma jijjigar na bin duk abu mai tauri da ya taɓa ta. Idan aka rataye inji da ƙarfe a bangon ɗakin kwana, bangon ya zama kamar fatar ganga, a waje ba a jin komai, a ciki kuma wani gurnani mai kauri ya cika ɗaki. Irin wannan gurnani ma'aunin desibel na yau da kullum ba ya nuna shi sosai, saboda an tsara shi ya rage darajar sauti mai kauri, amma kai da ke kwance za ka ji shi ta cikin matashi. Mun zaɓi daɓen kankare a ƙasa, wanda bai haɗe da harsashin gida ba, an daidaita shi da ma'aunin ruwa, da ƙafafun roba a ƙarƙashin injin. Inda dole sai an rataya, kamar a bene, a zaɓi bango mai kauri wanda ba na ɗakin kwana ba, a sa roba tsakanin inji da ƙarfen, kuma kada a ɗaure notin har robar ta baje, domin robar da aka matse ta zama ƙarfe. Rufin kwano da dandamalin katako ba wurin inji ba ne.

A bar masa wurin shaƙar iska kamar yadda littafinsa ya ce. Ga ƙananan injina yawanci santimita 30 a baya ya wadatar, gaba kuma a buɗe, mita ɗaya ko fiye. Masu ƙulle inji a akwati don rage ƙara sukan jawo akasin abin da suke so: iskar da ya fitar mai zafi ta dawo masa, matsin gas ya hau, kwamfireso da fanka su ƙara gudu. Idan ana buƙatar shinge, ya zama mai nauyi, ba rata ko rami, kuma ya tare layin da ke tsakanin injin da tagar gaba ɗaya. Irin wannan yakan rage desibel 5 zuwa 10. Shuke-shuke suna ɓoye inji daga ido, amma kusan ba sa rage komai a kunne. Maɓallin nan na aikin dare da ke rage gudun injin waje yana da amfani, sai dai da ƙarfin na'urar yake biya, don haka bai dace a gina lissafi a kansa ba.

Wadda ke cikin ɗaki kuwa, zaɓar mata wuri ba shi da wuya sosai. Kada ta kasance daidai saman kan gado, ko ta riƙa hura mai barci. Bangon gefe ya fi, inda iska za ta bi tsawon ɗakin. A bar kusan santimita 15 tsakaninta da silin, domin ta sama take jan iska. Faifan ƙarfen da ake rataye ta a kai ya kwanta daram a bango da dukkan sukurorinsa, in ba haka ba murfin roba zai riƙa kakkaɓi. Mun kuma duba ko ana iya kashe fitilar fuska da ƙarar "fit" ta rimot, ƙananan abubuwa ne amma da dare suna girma. A kowane ɗaki mun haɗa da fankar silin mai injin DC. Iskar da ke motsi tana sa a iya ɗaga digiri da kusan biyu ba tare da an ji zafi ba, AC ya zauna a matakinsa na ƙasa. Fanka mai injin da aka saba da shi, idan aka haɗa ta da marage hasken fitila maimakon nata ma'aunin gudu, takan yi ƙugi.

Ga babban falo mun yi nazarin tsarin bututun silin, kuma ko da ba mu ɗauke shi ba, lissafinsa ya cancanci a faɗa, domin idan an yi shi daidai ya fi kowane shiru, idan an yi shi ba daidai ba ya fi kowane hayaniya. Ƙararsa daga saurin iska take fitowa. Kowane kilowat 3.5 na sanyi yana buƙatar iska kusan kubik mita 680 a awa. A ce ɗaki na karɓar 170 a awa. Ta bututu mai faɗin santimita 15 iskar za ta yi gudun mita 2.7 a daƙiƙa, ba a jin ta. Ta mai santimita 10 za ta kai mita 6, a ji ta kamar fito. Ana so gudun iska a reshen bututu ya tsaya kusa da mita 3 a daƙiƙa, a babban bututu kuma kada ya wuce 4 zuwa 4.5. Inda aka fi yin kuskure shi ne ragar da iska ke komawa ta cikinta. Tsari mai kilowat 10.5 yana jan kusan kubik mita 2,000 a awa. Don iskar ta shiga da gudun mita 1.5 a daƙiƙa, ana buƙatar fili kusan murabba'in mita 0.38, wato raga mai santimita 60 sau 60 ma ba ta cika ba idan aka cire wurin da sandunanta suka ci. Sai a sa biyu. Tsakanin akwatin fanka da bututun ƙarfe a sa mahaɗi na tamfol don yanke jijjiga, a sa aƙalla gwiwa ɗaya tsakanin fanka da ragar ɗaki don kada sauti ya sami miƙaƙƙiyar hanya, bututu mai lanƙwasa kuma a ja shi ya miƙe, kada a bar shi ya tattare. Silin ɗin falon bai da zurfin da zai ɗauki bututu masu wannan faɗi, shi ya sa muka koma ga na'urar bango mai ɗan girma, wadda za ta yi aikin a matakin fanka na tsakiya. Ƙa'idar fanka ita ce idan aka rage gudunta da rabi, ƙararta takan sauka da kusan desibel 15.

Ɗumamawa

Na'urorin da muka zaɓa masu juyawa ne, wato famfon zafi: a lokacin sanyi suna ɗebo zafi daga iskar waje su shigo da shi. Kowane kilowat 1 na lantarki yakan ba da 3 zuwa 4 na zafi a yanayi mai sauƙi, yayin da hitar lantarki ta yau da kullum ba ta wuce 1. Ta fuskar ƙara, akwai abu biyu da ya kamata a sani tun kafin saye. Na farko, lambar ƙara ta ɗumamawa daban take da ta sanyayawa, kuma sau da yawa ta fi ta. Injin waje ya fi ƙara a daren da ya fi sanyi. Na biyu shi ne narkar da ƙanƙara. Idan zafin waje ya sauko kusa da sifiri kuma akwai laima, ƙanƙara takan taru a jikin injin. Sai na'urar ta tsayar da fanka, ta juya tafiyar gas na 'yan mintuna, a ji wani fuuu mai ƙarfi daga bawul, tururi ya tashi, ruwa ya zuba. Aikinta ke nan, ba a iya kashe shi. Abin da ake iya yi shi ne a nisanta injin daga taga, a ɗaga shi daga ƙasa, a ba ruwan hanyar wucewa, domin idan ya daskare a gindin injin ƙanƙarar za ta taru har fikafikan fanka su riƙa bugun ta.

Inda sanyi ke daɗewa watanni, babu abin da ya kai ruwan zafi shiru, ko ta bututun ƙarƙashin daɓe ko ta lagireton bango, tunda babu fanka a ɗakin sam. Na ƙarƙashin daɓe yana aiki da ruwa mai digiri 30 zuwa 40, wanda ya dace da famfon zafi. Shi ma yana da nasa surutun idan aka yi sakaci. Ɓulɓul a lagireto iska ce ta maƙale, a buɗe ɗan bawul na sama a sake ta. Fito a bawul yana nufin famfon ruwa ya yi ƙarfi, a rage matakinsa. Gudun ruwa a bututu kada ya wuce mita 1 a daƙiƙa. Ƙas-ƙas a cikin bango ko ƙarƙashin katako kuwa bututun jan ƙarfe ne ke miƙewa: mai tsawon mita 10 yana ƙaruwa da kusan milimita 7 idan zafinsa ya hau da digiri 40, kuma idan an matse shi a rami ko maɗauri sai ya riƙa zamewa da ƙara. Ana sa masa riga ta soso a duk inda ya ratsa. Tukunyar dafa ruwan ɗumamawa da ke ƙugi kamar za ta tafasa, ƙasar ruwa ce ta taru a cikinta. Ga ɗaki ɗaya da ake ɗumamawa jefi-jefi, hita mai mai a ciki ta wadatar, ba abin da take yi sai ɗan ƙas idan ta kunna ko ta kashe kanta.

Ranar haɗawa mun tsaya a kan abubuwa kaɗan da ba a iya gyarawa cikin sauƙi bayan an rufe. Bututun gas kada ya gaza mita 3 ko abin da littafin ya ce, ko da injin na bayan bangon ne. Gajeren bututu yana kai jijjigar kwamfireso cikin ɗaki kai tsaye, rarar sai a naɗe ta a kwance a bayan injin. Inda ya ratsa bango a sa masa hannun riga, kada jan ƙarfe ya taɓa bulo, a toshe ramin da abu mai laushi, ba siminti ba. A ɗaure notin mahaɗi da sifana mai auna ƙarfi: na bututun kwata inci wajen nitan-mita (ma'aunin ƙarfin ɗauri) 14 zuwa 18, na uku bisa takwas 34 zuwa 42, ko abin da kamfanin ya rubuta. A zuƙe iskar bututu da famfon zuƙa har ma'auni ya sauka zuwa maikiron 500 na matsin iska, a rufe a ga ko zai tsaya. Wanda ya ce zai kore iskar da ɗan gas kawai, a dakatar da shi. Duk wannan yana da alaƙa da ƙara: mahaɗin da ke yoyo yana rage gas, na'ura mai ƙarancin gas tana tsaki da ɓulɓul, kwamfiresonta ba ya hutawa, ƙanƙara ta taru a ta ciki har fanka ta riƙa gogarta. Bututun ruwa kuma ya gangara aƙalla santimita 1 a kowace mita, bakinsa kada ya nutse a ruwa. A ɗakin da ke rufe ruf, musamman idan fankar banɗaki ko ta kicin na jan iska, iskar waje takan biyo ta wannan bututu ta yi fok-fok. Ɗan bawul mai hanya ɗaya a kan bututun yana maganinsa. Mun kauce wa ƙaramin famfon tura ruwa ta hanyar zaɓen bangon da ruwa zai gangara da kansa, domin famfon yana da nasa zizar kowane 'yan mintuna.

Gwajin karɓar aiki da dare aka yi shi, da ma'aunin a kan matashi kamar farko, a kowane matakin fanka, taga a rufe sannan a buɗe. An sa rimot a digiri mafi ƙasa don injin waje ya kai ƙarshen gudunsa, aka ɗora tafin hannu a bangon ciki kusa da inda bututu ya shigo. Idan hannu ya ji karkarwa, akwai inda ƙarfe ya taɓa gini, a bi bututun a nemo wurin. Ɗan ƙas-ƙas na murfin roba a mintunan farko, da sautin gas kamar ruwa na gudu lokacin tashi, ba matsala ba ne. Kaɗawa mai bin gudun fanka tana nuna fankar ba ta daidaita ba ko wani sukuru ya saki.

Na'urar da ta fara aiki shiru tana ƙara ƙara ne ta hanyar datti. Filta da ta toshe tana sa fanka ta ja iska da ƙyar, sautin ya koma huci. Ana wanke ta duk mako biyu a lokacin da ake yawan amfani. Doguwar fankar ciki takan tara ƙura da fumfuna a fikafikanta, nauyin ya karkata gefe ɗaya, ta fara wuf-wuf, wannan sai an kwance an wanke, kamar sau ɗaya a shekara. A lokacin ne kuma ake wanke haƙarƙarin injin waje da ruwa mara ƙarfi, a duba ƙafafun roba ko sun bushe sun tsage, a sake gwada notin mazauni da sosan da ke naɗe da bututu.